Tambaya da Amsa: Zuwa Inda Aka Yi Yaƙi

Masu karatu, assalamu alaikum. Tun da na taɓo maganar ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta 15 ga Janairu, saƙonni ke ta shigowa a kan abu guda: filayen da aka gwabza yaƙi, da gidajen tarihin da ke ajiye da kayan faɗa, da ko ya dace mutum ya niƙi gari ya je ya gani. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ta fi tsaya mini a rai, a yi mini haƙuri idan na daɗe a kanta.

TAMBAYA: Baba, ni mutumin Zuru ne. Kakana soja ne, ya tafi yaƙin basasa a 1968 bai dawo ba, babu gawa babu kabari. Mahaifina yana goye a lokacin. Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne da lambarsa ta aiki. Na ji akwai gidan tarihin yaƙin a Umuahia, ina son zuwa, amma abokaina suna cewa me zai kai ɗan Arewa can ya tono abin da aka binne. Me ka gani?

AMSA: Ɗana, ka je. Amma kafin ka kama hanya bari in rage maka buri, don kada ka dawo da ciwon zuciya. Gidan na kayan yaƙi ne da hotuna, ba maƙabarta ba ce. Ba kabarin kakanka za ka tarar ba. In labarinsa kake nema, lambar nan da ke hannunku ita ce mabuɗi. Ka kai ta ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, ka nemi tsofaffin da suka yi bataliya ɗaya da shi. Kai da ke Zuru ma ka fi kowa sa'a, don da wuya ka ƙirga gida biyar a ƙasarku ba ka ci karo da gidan soja ba. Sai dai ka hanzarta. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yanzu ya haura 75, kuma kowace damina ana rage su.

Shi gidan tarihin an kafa shi a 1985. Ba a banza aka zaɓi Umuahia ba: bayan da Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya ranar 4 ga Oktoba 1967, can Biyafara ta mayar da hedikwatarta, har zuwa watan Afrilu 1969 da ita ma ta faɗi. A harabar ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake, inda gidan rediyon Biyafara ya riƙa watsa shirye-shirye, kuma a wani ɓangaren garin akwai ramin da Ojukwu ya yi mafaka a ciki, shi ma ana shiga. A filin waje za ka ga jiragen sama na ɓangarorin biyu, ga manya ƙirar Rasha na gwamnatin tarayya, ga ɗan ƙaramin da Biyafara ta ɗaura wa rokoki, wanda in ka tsaya kusa da shi sai ka yi mamakin yadda mutum ya yarda ya shiga ciki ya tashi sama. Akwai jirgin ruwan yaƙi mai suna Bonny a zaune a kan tudu. Akwai kuma bam ɗin nan na gida da suke kira ogbunigwe, wato mai kashe taro, wanda sojojinmu suka laƙaba wa bokitin Ojukwu.

Ni na je a shekarar da na ajiye alli, kuma abin da ya kai ni kusan irin naka ne. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin Runduna ta Biyu, wadda Murtala Muhammed ya jagoranta. Ya dawo da ɗingishi, ya ƙare rayuwarsa yana gadin wata makarantar firamare a nan Argungu. Yana da akwatin ƙarfe kore a ƙarƙashin gado, ciki da takardar sallama, da lambar yabo a naɗe cikin tsumma, da cokali guda da ya ce da shi ya ci abinci tsawon yaƙin. Sau ɗaya tak na ji ya buɗe baki a kan abin da ya gani. Ya ce a watan Oktoba 1967 aka zuba su a jiragen ruwa daga Asaba za su tsallaka kogin Kwara zuwa Onica, tun da an riga an karya gadar. Wuta ta tare su a tsakiyar ruwa. Shi Bakabe ne ɗan masunta, tun yana yaro yake nutso da gora a Matan Fada, sai ya yar da bindiga da takalma ya yi iyo. Abokansa na tudu da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, yana jin muryoyinsu suna kiran sunansa. Da na girma na karanta, na tarar sau uku aka gwada wannan tsallakawa a watan nan ba a yi nasara ba, Onica ba ta faɗi ba sai a Maris 1968, bayan an zagaya ta Idah.

Akwai kuma abin da kawu bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba, kuma har yau ina jin nauyin rashin tambayar. Kwanaki kaɗan kafin tsallakawar, ranar 7 ga Oktoba, sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza da samari fararen hula a Asaba. Mutanen garin suna tunawa da ranar har gobe. Na kawo maka wannan ne don ka san cewa in ka je, ba labarin gidanku kaɗai za ka tarar ba. Mu a nan muna fara ƙirga daga 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa, kuma wannan ciwo ne na gaske. Su kuma suna farawa daga dubban 'yan'uwansu da aka kashe a garuruwanmu a cikin shekarar nan, da yunwar da ta cinye 'ya'yansu bayan an toshe hanyoyin abinci. Mafi ƙarancin ƙiyasin waɗanda suka mutu a watanni 30 na yaƙin ya kai 500,000, wasu na kai shi miliyan 2, akasarinsu kuma ba harsashi ne ya kashe su ba.

A ɗakin hotuna na fi daɗewa. Akwai hoton wani yaro, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, yana riƙe da kwano. Ina tsaye sai wani dattijo Ibo ya matso, ya dubi hulata, ya ce mini cikin Hausa tsantsa, irin ta mutanen Zamfara, "Malam, daga ina?" Na ce Kebbi. Ya ce shi a Sabon Garin Gusau aka haife shi, ya bar garin a 1966 yana ɗan makaranta, bai sake komawa ba. Bai yi mini maganar yaƙi ko ɗaya ba. Abin da ya tambaye ni shi ne ko jirgin ƙasa yana zuwa Ƙauran Namoda har yanzu. Muka zauna a kan wani dakali muka yi kusan sa'a guda yana lissafa mini sunayen unguwanni.

To ga hanya. Daga Zuru ka bi Kontagora ka faɗa Abuja, ka kwana. Washegari Lokoja, gadar Itobe, Anyigba, Obollo-Afor, Inugu, sannan babban titin da ya bi ta Okigwe zuwa Umuahia. In ka iso Obollo-Afor ka buɗe ido, don ta wannan shiyya Runduna ta Ɗaya ta Muhammadu Shuwa ta kutsa zuwa Nsukka a watan Yuli 1967, ƙila ƙasar da kakanka ya taka kenan. Kada ka yi tafiyar dare. Kada ka shirya isa ko yawo ranar Litinin, saboda zaman gida na tilas da masu fafutukar Biyafara suka ƙaƙaba wa yankin a 2021. Ka nemi wani ɗan'uwa cikin masu fataucin shanu ko albasa da ya san garin ya haɗa ka da Sarkin Hausawa, zuwa da ɗan gari ya fi zuwa da taswira. Sannan ka bar kalmar nan Inyamuri a gida. Ana cewa asalinta daga "ba ni ruwa" ne a harshensu, kuma ba sa jin daɗinta. Ka ce Ibo. In ka ɗauki hoto, ka ɗauka kana tsaye kamar mai ziyara, ba kana murmushi a kan igwa kamar wanda ya ci kofi ba. Shi kansa Gowon, ranar da Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya a barikin Dodan a 15 ga Janairu 1970, matsayin gwamnatinsa shi ne babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Ka tafi da hoton kakanka a aljihu. Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya.

TAMBAYA: Malam, ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata a Gusau. Ɗalibaina sun haddace yaƙe-yaƙen Turai amma ba su san an taɓa yin yaƙi a ƙofar gidansu ba. Ba mu da kuɗin tafiya mai nisa, ga halin da hanyoyinmu ke ciki. Ina zan kai su?

AMSA: Malama, Allah Ya saka miki da alheri, wannan ciwon na yi fama da shi shekara da shekaru a aji. Ki fara da dutsen da suke hange duk lokacin da suka fita ta hanyar Funtuwa. Kwatarkwashi ba dutse ne kawai ba. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, a lokacin Sarki Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. A kan hanyar komawa labari ya iske su. Alu ya rabu da jama'arsa a Birnin Goga, ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya ja ragowar rundunar ya nufi gida. A yankin Kwatarkwashi, ƙarshen watan Fabrairu, suka yi kiciɓis da wata 'yar ƙaramar ƙungiyar sojan Turawa da ba ta kai mutum 50 ba, wadda ta ja daga ta kafa bindigogi ta fuska huɗu. Dawakan Kano suka yi ta kai hari suna zubewa, har Waziri ya faɗi. Shi ya sa Kanawa ke kiransa Mai Shahada. Baturen da ya jagoranci ɗaya ɓangaren, Wallace Wright, Ingila ta ba shi lambar jarumta mafi girma da take da ita saboda wannan rana. Ki duba fa, a can an rubuta, an adana, an rataya a wuya. Mu kuwa yaran da ke kwana kusa da wurin ba su taɓa jin sunan Waziri Ahmadu ba. Makonni kaɗan bayan haka, 15 ga Maris, aka yi yaƙin Giginya da Turawa a Sakkwato.

Darasi ɗaya daga wannan ya ishi zango guda: me ya sa mutum dubbai a kan doki da takobi da mashi suka kasa murƙushe mutum 'yan ƙalilan? Ba rashin zuciya ba ne, wanda ya sukwano doki cikin ruwan harsashi ba a ce masa matsoraci. Makami ne ya canza, dabarar ba ta canza ba. Ki bar 'yan matan su yi gardama a kai.

Sai sunayen garuruwa. Ki tambaye su wane ne Namoda da ake cewa Ƙauran Namoda. Babban mayaƙin jihadi ne a ƙasar Zamfara, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ita Alƙalawar ma a kan ƙasar Zamfarawa Gobirawa suka kafa ta, bayan da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Daga suna guda kin ja zare har ƙarni biyu da rabi.

Amma gaskiya ɗaya ce, Malama: kada ki fitar da 'ya'yan mutane daga kan kwalta a wannan zamani. Duk kufan da sai an ratsa daji kafin a kai gare shi, a bar shi sai Allah Ya kawo sauƙi. Ko Kwatarkwashin ma sai da izinin iyaye da shawarar masarauta da jami'an tsaro, da hantsi, a dawo kafin la'asar. In abin bai yiwu ba, ki juya tafiyar. Ki gayyato tsohon soja ɗaya da ɗaya daga cikin masu tarihin fada su zo aji, ki sa yara su naɗi muryarsu a waya, su rubuta. Ni da na yi haka da kawuna, da yau ina da abin da zan sa wa jikokina su ji.

TAMBAYA: Malam, wani ya ce mini zuwa irin waɗannan wurare bidi'a ne, kuma tayar da tsohuwar gaba ne, musamman a ƙasarmu ta Kabi da aka daɗe ana faɗa da Gwandu da Sakkwato. Ni ɗan kasuwa ne a Birnin Kebbi.

AMSA: Alhaji, fatawa ta malamai ce, ni malamin tarihi ne. Amma abin da kowa ya sani zan tuna maka. Duk alhajin da ya je Madina ana kai shi Uhudu, ya tsaya a gaban maƙabartar shahidai 70 da Sayyidina Hamza a cikinsu, ya yi musu sallama da addu'a, ya dubi tudun da aka ajiye maharba 50 aka ce kada su sauka. Filin yaƙi ne, kuma ba ranar da Musulmi suka ji daɗi ba ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ziyarci shahidan nan da kansa. Abin da malamai ke tsawatarwa a kai shi ne roƙon matattu da ɗibar ƙasar kabari don neman tabarruki, ba zuwa don tunawa da wa'aztuwa ba.

Batun gaba kuwa, ni Bakabe ne, matata kuma Bafulatanar Gwandu ce, don haka a tabarma ɗaya muke kwana da wannan tarihi. Garin da kake kasuwanci a cikinsa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya ci shi a 1805. A cikin wannan shekarar kuma aka yi karon Alwasa, nan ƙasar Argungu, inda rundunar Gobirawa da Azbinawa da Kabawa ta yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna, ta bi su har Gwandu, kafin a can reshe ya juye da mujiya. Aka kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, sannan ya ɗaga tuta a 1849 ya sake tsayar da sarautar Kabi a Argungu. Daga nan har zuwan Turawa gabar ba ta mutu ba. Duk wannan ya faru, rufe baki ba ya goge shi.

To amma ka je gidan tarihin Kanta a nan Argungu. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, kuma a nan ake binne sarakuna. Ka dubi masu da takubba da kwari da baka da tambura da layun yaƙi. Sannan ka fito ka gangara Matan Fada, tafiyar 'yan mintuna ce. Bikin kamun kifin da duniya ta san mu da shi ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, aka yi masa su na girmamawa, alamar an binne gaba. Yaron da bai san Alwasa ba, in ya ga dubban masunta sun ruga cikin ruwa da homa da gora, kifi kawai yake gani. Wanda ya sani yana ganin abin da ya ci wa kakanninsa fiye da shekara 100 kafin a kai gare shi. Ni dai ban taɓa kai ɗalibi gidan Kanta da hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu cikin mako ɗaya ya dawo yana zagin wani ɓangare ba. Waɗanda na ga suna zagi, a majalisar shayi suka koyi tarihinsu.

TAMBAYA: Malam, na ga a talabijin yadda Amurkawa suka gyara filin yaƙin basasarsu, mutane na tururuwa. Ni kuma bara ina huɗa a gonarmu kusa da wata tsohuwar ganuwa na tono kawunan kibiya da wasu zobba na ƙarfe a sarƙe da juna. Wani dillali ya taya. In sayar?

AMSA: Ɗan'uwa, mai yiwuwa Getisbag ka gani, a jihar Pensilbeniya. An yi kwana uku ana faɗa a wurin, 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, a yaƙin da suka yi tsakanin Arewa da Kudu a kan bauta daga 1861 zuwa 1865. Kimanin mutum 50,000 ne aka kashe ko aka raunata ko aka kama ko suka ɓace a kwanakin nan uku. A yau akwai duwatsun tunawa fiye da 1,300 a filin, kusan kowace runduna da alamar inda ta tsaya. Ba kuɗi ne ya fara gina wannan ba. Tun yaƙin bai ƙare ba mutanen garin suka fara sayen filayen don kada a taɓa su, tsofaffin sojoji kuma suka riƙa dawowa suna nuna inda kowa ya tsaya tun suna da rai.

Zobban da ka kwatanta sun yi kama da guntun sulke, rigar ƙarfen da barade ke sawa. Kada ka sayar. Kuɗin da dillalin zai ba ka ba za su kai ka kasuwa biyu ba, kuma da zarar abin ya bar hannunka ba tare da an san inda ya fito ba, ya zama tsohon ƙarfe kawai. Doka ma ta hana cinikin kayan tarihi ba da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ba. Kada ka kankare tsatsar, kada ka wanke da toka ko lemun tsami. Ka naɗe su a busasshen ƙyalle, ka ɗauki hoton wurin da ka tono su da ganuwar a bayansa, ka rubuta sunan gari da watan da ka samu da zurfin ramin, ko da kamu nawa ne. Ka sanar da mai unguwa, sannan ka kai gidan Kanta in kana kusa da Argungu, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ka ce a rubuta sunanka a matsayin wanda ya kawo, a ba ka takardar shaida.

Wannan ga kibiya da sulke ne. In kuwa wani abu ne mai kama da harsashi babba ko gwangwanin ƙarfe a rufe garmarka ta tono, kada ka ɗaga, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka bar yara su matsa. Ka kafa reshe a gefe don alama, ka je ka faɗa wa 'yan sanda.